Injin haƙar kirifto a kan filash: darasin da ya tsallake kuɗin wuta

Akwai wani nau'in darasi da ke yawo a YouTube da TikTok da zaurukan WhatsApp, wasu da Turanci, wasu kuma an ɗora musu muryar Hausa. Takensu kusan ɗaya ne: yadda za ka haɗa kwamfutar haƙar kuɗin kirifto da filash kawai, ba tare da faifan ajiya na cikin kwamfuta ba. A cikin minti goma ko sha biyar mai darasin zai sauke manhaja, ya zuba ta a filash, ya soka a kwamfuta, fankoki su fara juyawa, lambobi su fara gudu a allo. Daga nan sai ya ce shi ke nan, injinka ya fara yi maka aiki, je ka yi barcinka.

Abin da suke nunawa a allon gaskiya ne, kuma yana aiki. Ƙorafina a kan abin da suka bari a wajen allon ne. Zan auna darasin a kan Tsaskiya da ke ƙaramar hukumar Safana, da maƙwabciyarta Batsari, domin irin matasan waɗannan garuruwa ne bidiyoyin ke isa wayoyinsu, kuma su ne ba su da rarar kuɗin da za su yi gwaji da shi.

Mu fara ba darasin haƙƙinsa. Kwamfuta ba ta damu da inda babbar manhajarta take zaune ba. Idan ka kunna ta, wata ƙaramar manhaja da ke manne a jikin allon uwa, wadda ake kira BIOS, ita ce ke fara farkawa, ta duba jerin wuraren da aka ce ta nema, ta tashi daga na farkon da ta samu. Idan ka ce mata ta fara duba filash, daga filash za ta tashi. Manhajoji irin su HiveOS da SimpleMining da RaveOS duk Linux ne da aka rage wa kaya, aka bar abin da haƙa ke buƙata kaɗai. Za ka sauke hoton manhajar, ka rubuta shi a filash mai gigabait 8 ko fiye da wani ɗan kayan aiki kamar Rufus ko balenaEtcher, ka saka bayanan da za su haɗa injin da asusunka, sannan daga waya ka gaya masa wane kuɗi zai haƙa, a wace tawagar mahaƙa zai shiga, kuma wace lalita za a riƙa tura ladan. Dabara ce mai kyau. Ba ka buƙatar lasisin Windows, ba ka buƙatar allo bayan ranar farko, idan filash ya mutu ka rubuta wani. Wanda ya bi matakan nan ya koyi wani abu na gaske game da yadda kwamfuta ke tashi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Filash shi ne abu mafi arha a duk harkar, 'yan dubban naira. Darasin ya ɗauki mataki mafi sauƙi ya mayar da shi tamkar shi ne aikin baki ɗaya.

Kafin mu je ga lissafi, akwai ruɗanin da kalmar "mainin" ta haifar a arewa wanda ya kamata a warware. Abin da mutane suka shafe shekaru suna yi da Pi tun 2019, da dangwalen Notcoin da Hamster Kombat a 2024, ba haƙa ba ne a ma'anar da masana kwamfuta ke nufi. Wayarka ba ta warware wani lissafi da ke tsare wata hanyar sadarwa. Kamfani ne ke rubuta maka maki saboda kana shigowa kullum kana kuma jawo wasu. Waɗanda suka jira fashewar Hamster a ranar 26 ga Satumba 2024 sun san yadda ta kaya, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Masu darasin filash suna cin gajiyar wannan takaicin. Saƙonsu a fakaice shi ne, waccan wasan yara ce, ga ta gasken nan. Kuma e, wannan ita ce ta gasken. Bambancin shi ne a waccan lokacinka da datarka ka rasa, a wannan kuwa jarinka ne a kan layi.

Mene ne haƙar gasken? Ka ɗauki Bitcoin. Kusan kowane minti 10 ana rufe shafi ɗaya na littafin cinikin da kowa ke da kwafinsa. Kafin a karɓi shafin, sai wani ya samo wata lamba wadda idan aka haɗa ta da bayanan shafin aka zuba a wani lissafi mai suna SHA-256, sakamakon zai fito ƙasa da wani ma'auni. Babu dabarar gano lambar. Canka ake yi, a gwada, a sake canka, sau biliyoyi a daƙiƙa. Wanda ya dace shi ke ɗaukar ladan, wanda tun Afrilun 2024 ya koma Bitcoin 3.125 a kowane shafi, kimanin 450 ke nan a rana ga duk mahaƙan duniya. Kuma bayan kowane shafi 2,016, wato kusan mako biyu, tsarin na sake saita wahalar cankar. Idan mahaƙa sun ƙaru, wahalar ta ƙaru, ladan kuwa yana nan yadda yake. Ka ga kenan tuwon ba ya ƙaruwa don hannaye sun yi yawa a akushi.

Kowace canka tana cin wuta. Don haka sana'ar gaba ɗayanta a taƙaice ita ce sayen wutar lantarki a mayar da ita kuɗin intanet. Wanda wutarsa ta fi arha shi ke ci, wanda tasa ta fi tsada shi ke biya.

Nan ne darussan suke yin laifinsu na farko, kuma mafi muni. Da yawansu suna sa tambarin Bitcoin a fuskar bidiyo alhali injin da suke haɗawa, mai katunan girafik shida a jere a kan firam, ba ya haƙar Bitcoin. Tun wajajen 2013 aka fara ƙera injuna na musamman da ake kira ASIC, waɗanda ba su iya komai ba sai wannan lissafin ɗaya. Antminer S21 na kamfanin Bitmain yana yin canka tiriliyan 200 a daƙiƙa da wuta wat 3,500. Ko da mun yi wa katin girafik alfarma mun ce yana yin biliyan 5 a daƙiƙa, sai ka tara katuna 40,000 kafin ka kamo inji ɗaya. Kuma shi ASIC da manhajarsa yake zuwa, ba ruwansa da filash ɗinka.

Abin da injunan katin girafik suka rayu a kai shi ne Ethereum. A 2017, sannan a 2020 da 2021, an samu kuɗi na gaske a nan, har katunan suka yi ƙaranci a kasuwannin duniya, masu wasan gem suna ta kuka. A ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa kwata-kwata, ta koma wani tsari da ake ajiye jingina maimakon ƙona wuta, wanda ya rage cin wutarta da fiye da kashi 99 cikin 100. A rana ɗaya miliyoyin katuna suka rasa aikin yi. Suka ruga kan ƙananan kuɗaɗe irin su Ethereum Classic da Ravencoin da Ergo, wahalar canka a can ta yi tashin gwauron zabi, ladan kowane kati ya faɗi warwas, har a ƙasashen da wutarsu ta fi tamu arha mutane suka riƙa kashe injunansu. Katunan da aka gaji da su kuma suka kwararo kasuwar gwanjo.

Yanzu ka koma ka duba ranar da aka ɗora bidiyon da aka turo maka. Idan kafin Satumbar 2022 ne, kana kallon tarihin wata kasuwa ce da ta riga ta tashi. Idan bayan nan ne kuma bai ambaci wannan rana ba, to ka tambayi kanka me yake sayarwa. Sau da yawa amsar tana ƙasan bidiyon, a mahaɗin da idan ka yi rajista ta nan shi zai samu kaso, ko a lambar wayar wanda za a tuntuɓa don sayen katuna.

Sai lissafin wuta, wanda ban cika ganin darasin da ya tsaya ya yi shi da naira ba. Mu ɗauki inji mai katuna shida, kowanne yana jan wat 150. Wat 900 ke nan. Ka ƙara allon uwa da fankoki da asarar da ake yi a akwatin raba wuta, ka ce wat 1,000. A awa 24 ya sha yunit 24, a wata yunit 720.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai farashin yunit ɗaya na rukunin Band A naira 225, daga baya ya ɗan sauko zuwa kimanin 209. Da wannan farashin, injinka zai ci kusan naira 5,000 a rana, 150,000 a wata. Idan dala tana wajajen naira 1,500, yunit ɗaya ya kama kusan santi 14 na Amurka. Manyan mahaƙa suna neman wutar da ba ta wuce santi 5 ko 6 ba, kuma abin da ya ja kamfanonin Sin zuwa Habasha a 2024 shi ne wutar madatsun ruwa da ba ta kai santi 4 ba. Da waɗannan kake gasa, a kan tuwo ɗaya.

Kuma wannan fa lissafin mai gata ne, wanda ke wata unguwa a birnin Katsina ko Kano da KEDCO ta yi wa alkawarin awa 20 a rana. Ƙauyukan Safana da Batsari ba a wannan sahun suke ba. Wani wurin wutar sai ta ga dama, wani wurin turakun ne kawai suka rage don tarihi. Ko biranen ma, a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin arewa ta yi sama da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Saboda haka mutumin Tsaskiya hanya biyu gare shi, janareta ko sola.

Ƙaramin janaretan fetur, idan yana da lafiya, yana fitar da kimanin yunit 2 daga lita ɗaya. Sauran ƙarfin man yana tafiya ne a zafi da ƙara. Yunit 24 na buƙatar lita 12 a ƙalla. Ka sa farashin litar garinku da kanka. Idan naira 900 ce, 10,800 ke nan a rana, yunit ɗaya ya koma naira 450, ban da baƙin mai da gyara, ban da cewa ba a ƙera waɗannan injuna don su yi wata guda ba hutawa ba. A ɗaya ɓangaren kuma me ke shigowa? Akwai shafin WhatToMine da za ka saka sunan katinka ya gaya maka abin da yake samarwa a yau. Je ka duba da kanka, kada ka yarda da ni. Amma ko da katunan shida sun haɗa maka dala 2 a rana, naira 3,000 ke nan. Ka kashe 10,800 ka samu 3,000. Da ka ɗauki kuɗin man ka sayi kuɗin intanet ɗin kai tsaye, da ka samu ninki uku da ɗoriya, ba ƙara, ba hayaƙi.

To sola fa, tunda rana kyauta ce kuma Allah ya hore mana ita? Ranar kam kyauta ce. Yankin Katsina na samun abin da ya kai kimanin awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana a kullum. Don tara yunit 24 tare da asarar waya da inbata da batir, kana buƙatar faranti na kusan kilowat 6, wato manyan faranti masu wat 550 guda goma sha ɗaya. Sannan daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, awa 15 ko fiye, batir ne zai riƙe injin, batir mai ɗaukar sama da yunit 15. Miliyoyin naira ake magana, kuma batirin da ake cikawa ana zuƙewa kullum kwanakinsa ƙidayayyu ne. A yankin da mutane ke kaffa-kaffa da nuna abin hannunsu saboda 'yan bindigar dajin Rugu, faranti goma sha ɗaya a kan rufi ba abu ne da za a ɓoye ba. Wannan ma kuɗi ne, ko da babu shafin intanet ɗin da zai lissafa maka shi.

Akwai wani abu kuma da mai darasin da ke zaune a Turai ko Amurka ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Injin haƙa ba ya cin data da yawa, amma yana buƙatar sabis da ba ya yankewa, domin kowane ɗan lokaci tawagar na turo masa sabon aiki, kuma amsar da ta makara watsi ake yi da ita. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Safana da Batsari, aka shafe watanni a haka. A daidai lokacin gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka. Ka lura da kwanan watan. A Nuwambar 2021 ne farashin Ethereum ya haura dala 4,800, lokacin da injunan katin girafik suke tsakiyar cin kasuwarsu. Da a ce wani a Tsaskiya ya sayar da shanu ya haɗa inji a damunar wannan shekara, da ya zauna yana kallonsa ba sabis ba mai a watannin da ake cin riba sosai, kuma ƙasa da shekara guda bayan dawowar sabis Ethereum ta rufe ƙofar. Ba mu kaɗai irin wannan ke samu ba. Da Kazakistan ta katse intanet a Janairun 2022, ƙarfin haƙar Bitcoin na duniya ya faɗi da sama da kashi 10 cikin 100. Amma su manyan kamfanoni ne, kwanaki kaɗan suka yi, suka ci gaba.

Zafi kuma. Duk wat ɗin da ya shiga injin, zafi yake komawa, babu wanda ke ɓacewa. Inji mai wat 1,000 daidai yake da dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne dare da rana a ɗaki. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, iskar da fanka za ta hura wa katin ita kanta zafi gare ta. Katin da ya ji zafi yana rage gudu don ya ceci kansa, wato kana biyan wuta kana samun ƙasa da abin da ka lissafa. Da hunturu kuma ƙura ce za ta toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafin. Bidiyon da aka ɗauka a ɗakin ƙasa mai sanyi a Kanada bai san wannan ba.

Ko a kan filash ɗin kansa, darussan na yin sakaci a wurare biyu. Na farko, ƙwayoyin ajiyar filash suna da iyakar yawan rubutun da za su iya ɗauka, kuma manhajar da ke aiki ba tsayawa tana yawan rubuce-rubuce. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu fayilolin na iya lalacewa, injin ya ƙi tashi. Ga jabun filash da suka cika kasuwa, a rubuta 32 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Shi ya sa masu harkar da kansu suke fifita ƙaramin SSD. Na biyu ya fi haɗari. Hoton manhajar yana da nauyi, data na da tsada, don haka a wurinmu abin da zai faru shi ne wani ya tura wa wani ta Xender, ko a sayi filash da "an riga an saita". Wanda ya saita maka zai iya saka lambar lalitarsa a madadin taka, ko ya karkatar da wani kaso na aikin zuwa gare shi, injinka na ta gudu, kai kana biyan mai. Maganin ba shi da wuya: a sauke daga shafin masu manhajar, a kuma gwada hatimin fayil ɗin da wanda suka wallafa, domin ko harafi ɗaya aka taɓa a ciki hatimin zai canza gaba ɗaya. Irin lissafin da haƙar kanta ta ginu a kai ne. Minti biyu zai ɗauka a bayyana, amma da wuya ka ji an ambata.

Za a iya ce mini ai a Afirka ma ana haƙa kuma ana cin riba. Haka ne. Gandun dajin Virunga a gabashin Kwango yana haƙar Bitcoin tun 2020 da wutar madatsun ruwansa, kamfanin Gridless kuma yana yin haka a ƙananan tashoshin wuta na karkara a Kenya da Malawi da Zambiya. Amma duba abin da ya haɗa su. Dukkansu suna da wutar da aka riga aka samar wadda babu mai saye, ruwa na wucewa ta injin ko an yi amfani da wutar ko ba a yi ba. Mahaƙin ya zo ya sayi ragowar da za ta tafi a banza. Da injunan ASIC suke yi kuma. A Tsaskiya lamarin a juye yake, masu neman wutar sun fi wutar yawa. Waya ɗaya tana cika da abin da bai wuce wat-awa 20 ba, don haka yunit 24 zai cika wayoyi sama da 1,000. Na san babu shagon cajin da zai ga wayoyi dubu a rana a ƙauye, amma ka raba wutar: caji, firizar ƙanƙara da ruwan sanyi a watan azumi, injin markaɗe, famfon ban-ruwa na noman rani. Kowanne daga cikinsu yana biyan yunit ɗaya fiye da yadda katin girafik zai biya, kuma da naira a hannu, ba sai ka nemi wanda zai canza maka ba.

Hujja ɗaya da nake ganin tana da ƙarfi ita ce ta ragowar wutar sola da tsakar rana, lokacin da batir ya cika kuma faranti na zaune ba aiki. Wannan wutar kam kusan kyauta ce. Sai dai injin da zai yi aiki awa huɗu ko biyar kawai a rana zai ɗauki ninki biyar na lokacin da zai mayar da kuɗin sayensa, kuma a wannan tsakanin wahalar canka na hawa, sababbin injuna na fitowa, naka yana tsufa. Ga wanda ya riga ya mallaki solar da katin, yana son ya gani da idonsa yadda abin ke aiki, babu laifi. Ga wanda zai ci bashi ko ya sayar da gona, lissafin bai fita ba.

Shi kuwa filash ɗin da ka riga ka saya, kada ka yar. Matakan da darasin ya koya maka, Rufus da BIOS da sauya jerin tashi, su ne dai za ka bi ka rubuta Ubuntu ko Linux Mint a kai. Da shi za ka tayar da tsohuwar laftof da Windows ta yi wa nauyi, ka ciro fayiloli daga kwamfutar da ta ƙi tashi, ko ka fara koyon Python ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar aro ba. Laftof irin wannan wat 30 zuwa 60 take ja, faranti ɗaya da ƙaramin batir sun ishe ta.